Kwamfutar Sabuwa

Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma ba na son a kira ni da safe. Amma ranar Laraba da safe Manajan wani kamfanin jigilar kaya ya bugo min waya ya ce in zo in duba wata kwamfuta, in rubuta masa gaskiyar abin da na gani.

Ofishin falo ɗaya ne dogo a hawa na biyu, tebura tara, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa, sai ɗan ofishin Manaja a gefe. Mai kwamfutar tana zaune a lungu kusa da injin kwafi. Ita ke buga takardu. Watanta biyar a wurin, amma har yanzu Sabuwa suke ce mata.

Matsalar ita ce, a wannan ofishin ba a sa hannu a littafi idan an zo aiki. Akwai wata manhajar rajista a kowace kwamfuta, da zarar ta buɗe sai ta aika wa Manaja lokacin. Ƙarfe takwas ne ƙa'ida. Na Sabuwa kullum takwas da kwata yake nunawa, wani lokaci da minti ashirin. An ba ta takardar gargaɗi biyu, ta uku tana kan teburin Manaja, sa hannu kawai take jira. Daga ta uku kuwa sai sallama.

"Wallahi Injiniya, takwas saura kwata nake shigowa," in ji ta. "Ina ajiye jaka nake danna ta. Sai ta tsaya tana kallona."

"Kowa haka yake cewa," na ce.

Ban yarda da ita ba, ban kuma ƙaryata ta ba. Na kashe kwamfutar, na cire agogona na ajiye a kan tebur, na kunna. Allon ya fito cikin minti biyu, amma daga nan sai ta sandare. Ka motsa linzamin kwamfutar yanzu, kibiyar ba za ta amsa maka ba sai ta ga dama. Fankar ciki tana ta gurnani kamar tsohon firji. Minti ashirin da shida kafin manhajar rajistar ta leƙo.

Na buɗe jerin abubuwan da ke tashi tare da ita, na ƙirga talatin da ɗaya. Manhajar tsaro uku, kowace tana binciken 'yar uwarta. Kayan wata firinta da aka jefar tun shekarar da ba a tuna ba. Wani abin saukar da waƙoƙi. Duk mai gyaran da ya zo sai ya ɗora nasa ya tafi, ba mai cire na wani. Ita kuwa manhajar rajista tana can ƙarshen layi, sai kowa ya gama ake ba ta hanya.

Da ni mai saurin gamsuwa ne, da a nan na tsaya. Abin da ya hana ni shi ne sauran kwamfutoci takwas ɗin. Rana ɗaya aka saye su, mutum ɗaya ya jera su. Na roƙi akawu, wadda teburinta ke manne da na Sabuwa, ta bari in leƙa tata. Ta ɗan ɓata rai, ta matsa. Tarkacen iri ɗaya ne, har ma da ƙari. Amma a rajista ita kullum bakwai da rabi take zuwa, babu fashi. Na ce wa Manaja zan dawo gobe da sassafe in gwada su duka tun suna da sanyi. Ya ce to, yana danna waya, ban ga alamar ya ji ni ba.

Washegari bakwai saura minti goma mai gadi ya buɗe min. Babu kowa a falon sai wata dattijuwa mai shara, Inna suke ce mata. Muka gaisa. Ta jingine tsintsiyarta, ta shiga ofishin Manaja, ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta danna wani abu. Ta fito ta bi tebura ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, fankokin kwamfutoci suna tashi a bayanta. Da ta zo lungun injin kwafi sai ta kewaye, ta ɗauki tsintsiya.

"Inna, wannan fa?"

"A'a ɗana, ita ta ce kada a taɓa mata tebur."

"Yaushe?"

"Satin da ta zo. Na goge mata, ashe na juya mata wasu takardu. Ta ce don Allah Inna ki riƙa barin wurin nan. To ni mene ne nawa? Na bari."

"Sauran su suka sa ki?"

"Shekara nawa? Tun Manaja yana wancan teburin nake kunna musu." Ta nuna da haɓa.

Na zauna na yi aikina. Na bar manhajar tsaro ɗaya, na cire biyu, na kashe duk abin da ba shi da dalilin tashi da safe. Na gwada sau uku, minti ɗaya da rabi. Takwas saura kwata daidai Sabuwa ta shigo tana haki da jaka a kafaɗa. Akawu ta iso takwas da minti goma, Manaja tara saura.

Rahotona layi huɗu ne. Na rubuta abin da na samu a cikin kwamfutar da abin da na cire, ban sa Inna a ciki ba. Manaja ya kira Sabuwa ta tsaya, ya karanta, ya ɗago.

"To me ya sa tata kaɗai?" ya ce. Sai kuma ya dube ni da kyau. "Ƙarfe nawa ka zo yau?"

"Bakwai saura minti goma, ranka ya daɗe."

Bai sake tambayar komai ba. Ya jawo takardar gargaɗin, ya yage ta gida biyu, ya ce mata ta koma bakin aikinta, a kiyaye gaba. Ban san me za ta kiyaye ba.

A kan matakala ta cim min. Ta ce ita ba yarinya ba ce, ta ga yadda ya yi shiru, in gaya mata. Na so in wuce, don ba a biya ni kuɗin wannan ba, amma ta tare hanya. Na gaya mata duka. Na ɗauka za ta yi fushi da Inna, ko da Manaja. Tausayinta ya kama ni da na ga ba can hankalinta ya tafi ba.

"Duk sun sani ke nan?"

"Kwamfuta takwas Inna take dannawa, har da ta Manaja tara."

"Har akawu?" Ta juya tana kallon ƙofar falon. "Kwano ɗaya muke ci da ita kullum. Ranar da aka ba ni takarda ta biyu, ita ta raka ni banɗaki na yi kuka. Cewa ta yi in riƙa fitowa da wuri."