Tsayawar Auta

Kowace safiya sai bandejin ya kama nama. Auta yakan jiƙa shi da ruwan ɗumi, ya ɗan jira, sannan ya riƙa ɗaga shi a hankali tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, amma duk lallaɓawarsa sai ya taho da wani abu na jikin yayansa. Shi kuwa Ba-birki sai ya kafa wa silin ido, ya dantse haƙora. Ina shi ina cewa wash? Mutumin da ke saukowa gangara a kan keke kamar an jeho shi, har unguwa ta manta sunansa na gaskiya ta laƙaba masa wannan, ba zai yi raki a gaban ƙanensa ba.

"Sannu, Yaya. Saura kaɗan."

"Kai, fizge kawai. Ni jinjiri ne?"

Auta bai fizge ba. Ya ci gaba da lallaɓawa, yana hura wa wurin iska da baki, kuma wannan tausayin ya fi ciwon ƙona wa Ba-birki rai.

Kwalta dai ba ta yi masa da wasa ba. Ta kankare masa ɓarin jiki na dama kaf, tun daga kunci har idon sawu. A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ta zauna da hantsaki tana tsinto tsakuwa daga cikin namansa tana jefawa a farantin ƙarfe, har hannunta ya gaji ta kira wata ta karɓe ta. Ƙashin kafaɗa ya karye. Cinya kuwa sai da aka tsaga aka sa ƙarfe. Hular kwanonsa ta dare biyu, likita ya ce ita ta karɓi abin da kai zai karɓa. Ya ce tafiya zai yi ta in Allah ya so, amma tsere ya manta da shi. Wannan bai girgiza Ba-birki ba, don shekaru sun riga likita gaya masa. Abin da ke cin sa a rai daban ne, kuma babu wanda zai faɗa wa a gidan nan ba a ce kan ma ya taɓu ba.

'Yan dubiya su ne suke fama masa shi kullum. Su cika ɗaki, wasu a bakin gado, wasu a kan akwatin kayan gyaransa, su yi masa sannu sau ɗaya, sai hira ta koma kan Auta. Mama ce mai ba da labarin, ba ta kuma gajiya, ko da yake ba ta je wurin ba.

"Yana gaba fa, kowa ya ce shi zai ci. Yana ganin ɗan'uwansa a ƙasa ya yar da keken ya dawo da gudu. Ya tuɓe rigarsa ya danne jinin. Ku gaya mini, a yaran yanzu wa zai yi haka?"

"Allah ya yi masa albarka," in ji 'yan dubiya. "Ɗan'uwa rabin jiki."

Sai Ba-birki ya juya fuskarsa bango. Su kuma su ce barci yake ji, su rage murya.

Wanda bai san tseren keke ba gani yake kowa ta kansa yake yi. Ina! A cikin 'yan tsere akwai mai ci, akwai mai shan iska. Mai shan iska shi ke shiga gaba ya tsaga iskar da ƙirjinsa, na bayansa ya laɓe yana tara ƙarfi, sai an hango ƙarshe ya fito ya wuce. Mai shan iska ba a kiran sunansa a lasifika, ba a rataya masa komai a wuya. Aikin da Ba-birki ya ɗaukar wa kansa ke nan tun ranar da ya gane ƙafar Auta ta fi tasa. Keken ma shi ya haɗa masa a rumfarsa ta gyaran kekuna, yau sarƙa, wata mai zuwa taya, ya fesa masa shuɗin fenti da hannunsa. Akwai kuma doka ɗaya da kowane ɗan tsere ya sani tun kafin ya iya daidaita sirdi: in wani ya faɗi, ba a tsayawa. Ko ubanka ne. Don haka ne ma motar asibiti take bin su a baya.

Ranar da abin ya faru, wani mutum ya zo kallo daga wata babbar ƙungiya, irin wadda ke ɗaukar ɗan tsere ta yanka masa albashi ta fita da shi ƙasashe, kuma mutum ɗaya tak yake nema. Su biyu suka tsere wa kowa, Ba-birki a gaba, Auta manne da tayarsa. Daidai gindin gangara Auta ya fito daga bayansa zai wuce, suka shiga kwanar ƙarshe kafaɗa da kafaɗa. Ashe wata tifa ta zubar da tsakuwa a wurin. Ba abin da ya rage mai tsabta sai wani siririn layi da ba zai ɗauki keke biyu ba, kuma a gefen Ba-birki yake. A irin wannan gudun birki ba ya ceton kowa. Bai yi wani dogon tunani ba, ya karkata kan kekensa ya bar layin, ya shiga tsakuwa ido buɗe.

Yana jan ƙasa, kwalta na cin sa, ya hango bayan Auta ya fita kwanar lafiya lau. Wallahi daɗi ya ji. Da karyayyen ƙashinsa da komai, daɗi ya ji. Sai kuma ya ji kukan birki, sai ƙarar takalmi a kan kwalta tana matsowa. Yana kwance jini cike da baki yana cewa tafi, tafi, don Allah ka tafi, Auta na kuka yana danne masa cinya, sauran 'yan tseren suka zo suka wuce su fuu, ba wanda ya ko waiwayo. Su ne suka yi daidai.

Bayan an sallamo shi da 'yan makonni, Koci ya zo dubiya da hantsi. Tsohon ɗan tsere ne mai horar da su, shi ma da nasa ɗingishin da kwalta ta bar masa. Ya jira Mama ta fita, sannan ya jawo kujera ya sunkuyo.

"Mutumin nan ya dawo. Gudun yaron kafin kwanar bai bar ransa ba. Ya ce zai sake gwada shi ranar Asabar da safe, shi kaɗai da agogo. Na sha wuya kafin ya yarda, don cewa ya yi ba ya ɗaukar mai taushin zuciya. Daga Asabar kuma shi ke nan, jirgi zai hau."

"Auta ya sani?"

"Na gaya masa, ya ce to. Amma tun ranar bai ɗora ƙafa a kan feda ba, ko aike a ƙasa yake zuwa. Kai kaɗai yake jin maganarka."

Labule ya motsa. Mama ce, da kofin ruwa a hannu, kuma daga ganin fuskarta ta ji abin da ta ji.

"Koci, ka gaida gida," ta ce. "Ɗaya kun mayar mini da shi haka. Ku bar mini ɗayan."

Koci ya ɗauki hularsa ya fita, ruwan ma bai sha ba.

Washegari Ba-birki ya bari sai da Auta ya zauna da kwanon ruwan ɗumi, ya fara jiƙa bandeji, sannan ya yi magana.

"Asabar za ka je."

Auta ya ci gaba da matse tsumma. "Wa zai wanke maka ciwon?"

"Ciwon banza! Ya ruɓe mana." Ya yunƙura zai tashi zaune, kafaɗa ta mayar da shi. "Kai ka san abin da ka yi mini kuwa? Kowa na yaba maka, ni takaicinka nake ji. Ka ji ko? Takaici. Na ba ka a hannu ka watsar. Kana tsammani santsi ne ya kwashe ni? Ni, a kwanar da nake bi tun kana rarrafe? Layin nawa ne, na bar maka. Na ba da cinyar nan don ka wuce, kai kuma ka dawo kana yi mini kuka a ka kamar an yi maka mutuwa."

Ya daɗe yana riƙe da maganar nan a ciki, ya kuma zaci in ta fito za ta gigita yaron. Auta ko ɗagowa bai yi ba.

"Na sani, Yaya. Na ga lokacin da ka karkata kan keken. Na ga fuskarka."

"To, tunda ka sani?"

"Ƙarar ƙashin ma na ji. Har yanzu in na rufe ido ina jin ta."

"Kowa na ji. Ana ji ana tafiya."

Auta ya ajiye tsumman. Ya shafa magani, ya ɗora sabuwar auduga, ya naɗe hannun tsaf ya ɗaure, ya kwashe tsohon bandejin a leda. Sai da ya kai ƙofa Ba-birki ya sassauta murya, don in ban da Mama babu abin da yake so a duniya kamar yaron nan.

"Ka duba keken. Sarƙar na son mai, tayar baya ka ƙara mata iska."

"To, Yaya. Zan duba shi."

Da yamma kuwa ya ji ana tura keken a tsakar gida, ya ji wannan 'yar ƙarar tik-tik-tik da zai gane ko a cikin kekuna dubu, ya ji an buɗe ƙofar waje an fita da shi. Ranar ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari. Mama ta ce kai, alhamdu lillahi, sauƙi ya samu. Shi kuwa yana kwance yana lissafi: yaron ya huta da yawa, gaskiya ne, amma ƙafa ba ta mantuwa, kuma mutumin da zai riƙe masa agogo ba makaho ba ne.

Ranar Asabar Auta bai zo wankin ciwo ba. Ba-birki ya tambaya, Mama ta ce tun da sassafe ya fita, bai faɗi inda za shi ba. Ita ta karɓi aikin, ta fizge bandejin da ƙarfi har jini ya fito, tana ta ba shi haƙuri, shi kuma yana dariya. Ta dube shi da mamaki. Rana ta hau tagar ɗakin. Ya lumshe ido ya bi hanyar da zuciyarsa: yanzu ya wuce gada, yanzu yana hawan tudu, tashi tsaye yaro, kada ka zauna, yanzu gangara, yanzu kwanar. Ƙafarsa mai lafiya har motsi take yi a ƙarƙashin mayafi.

Wajen hantsi ya ji muryoyi a tsakar gida, da ƙarar ƙarfe ana jan sa a siminti. Aka ɗaga labule. Auta ne ya shigo da baya, yana riƙe da gefen wani abu, mai walda na bakin titi yana riƙe da ɗaya gefen. Suka dire shi a tsakiyar ɗaki.

Keken ne. An cire tayar gaba, an yi waldar ƙafafun da ke riƙe ta a jikin wani faffaɗan ƙarfe. An ɗage tayar baya a kan wasu sanduna biyu, ba ta taɓa ƙasa. An sa masa sirdi mai faɗi irin na tsofaffi. Duk inda wuta ta bi, shuɗin fentin ya ƙone ya yi baƙi.

"Likita ya ce in ba ka fara motsa gwiwar ba za ta sandare," in ji Auta yana haki. "Ya ce keken da ba ya tafiya ya fi komai. Na zagaya ban samu ba. Sai na ce ai muna da keke."

Mai walda ya doki sirdin da tafin hannu, yana ta washe baki. "Maigida, ko giwa ta hau ba zai motsa ba. Na kama shi ta ko'ina. Wannan kam ya zauna ke nan."

Mama ta tsaya a ƙofa, ta kai gefen mayafinta ido. "Ka gani ko? Kekensa fa, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai."

Ba-birki bai dubi Mama ba, Auta ya duba. Ya zaci yaron zai sunkuyar da kai kamar yadda ya saba tun yana ƙarami, amma bai sunkuyar ba. Ya tsaya yana kallon sa ido cikin ido, gumi na bin wuyansa, babu alamar wauta ko mantuwa a fuskarsa. Ya san yau Asabar. Ya san abin da ya kai wa mai walda. Ba-birki ya so ya daka masa tsawa, amma ga baƙo a ɗaki, ga Mama tana hawayen farin ciki.

Su biyu suka ɗaga shi, mai walda ta hagu, Auta ta dama yana kiyaye kafaɗar. Suka ɗora shi a sirdi. Auta ya durƙusa ya kama ƙafar mai ƙarfe da hannu biyu ya aza ta a kan feda. Gwiwar ta ƙi, ta yi ƙara, zafi ya harba masa har ƙeya. Ba-birki ya dantse haƙora ya danna da duk takaicin da ke cikinsa. Fedar ta sauka, ta taso, tayar baya ta fara juyawa a iska. Ya sake dannawa, da ƙarfi, ya sake, har sandunan suka fara rawa a kan siminti.

Auta ya miƙe ya riƙe masa ƙugu.

"A hankali, Yaya," ya ce. "Ba sauri muke yi ba."