Gaisuwar Inno a Tsaye

Tun da aka sa mini gwiwar ƙarfe a Kano na dawo gida Kazaure, zama ya gagare ni. In na kwanta ƙafar ta yi tsami, in na tashi ƙanwata Ikilima ta hau faɗa, wai ina zagaye tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Likita dai ya ce in yi ta tattaki, in riƙa lanƙwasa ƙafar, amma kada in kuskura in durƙusa a kanta tukuna.

Abin da ya hana ni sakat ke nan. Inno, mahaifiyarmu, tana Roni, tsufa ya kwantar da ita. Ni kuwa da furfurata da jikokina ban taɓa gaishe ta a tsaye ba. Ta yaya zan shiga ɗakinta in tsaya mata ƙerere a ka? Sai na yi ta ɗaga tafiyar. Kullum in rufe ƙofa, in dafa gado in gwada sauka, gwiwar ta ce ba ta san zancen ba.

Rannan sai ga ƙanenmu Ɗayyabu daga Roni.

"Yaya Saude, Inno fa ta rage cin abinci. Cewa take yi ko fushi kike da ita."

Fushi! Ni da Inno? Ko zane ban sake ba na ce a nemo mota, Ikilima ta biyo ni tana mita.

Muka tarar da Inno a kan tabarma, duk ta ƙanƙance. Na jingine sandata, na kama ƙyaure na fara yin ƙasa, in ya so gwiwar ta tsage. Zafi ya soke ni har ƙugu.

"Inno, likita fa ya hana ta durƙusawa!" in ji Ikilima.

"Kul, Saude!" Inno ta daka mini tsawa. "Au, abin da ya hana ki zuwa ke nan? Ikilima, kama ni."

Matar da ta daɗe ba ta motsawa sai an ɗaga ta, ta riƙe hannun Ikilima, ta miƙe tsaye. Kanta iyakar kafaɗata.

"To, gaishe ni," ta ce. "Yi maza, 'yar nan, ba zan daɗe a haka ba."

Na buɗe baki in ce ina wuni, kuka ya riga ni.