Shafukan da Baba Ya Ɗinke

Tun da idon Baba tela ya mutu, 'yarsa Auta ce take yi masa karatu. Da ta taso daga asibitin da take aikin jinya, sai ta ja kujera kusa da gadonsa, gefen keken ɗinkin da aka lulluɓe da tsohon zane, ta buɗe littafin nan mai kauri na yaƙin da aka yi shekara ɗari uku da suka wuce. Shi ne littafin da ya riƙa karanta musu suna yara, har ita da yayanta suka sha dambe a kan wanda zai zama Janar ɗin littafin a wasa.

Likita ya gaya mata a keɓe cewa zuciyar tsohon ba za ta kai shi nisa ba. Shi kuwa burinsa ɗaya ne: ya sake jin labarin Janar, wanda yake kira "mutumina", har ƙarshe.

Ranar da suka kai babin ƙetare kogi, ta tarar da shafuka huɗu a haɗe. Ɗinki ne da farin zare, ƙanana a jere, irin wanda Baba yake yi wa bakin riga. Da gyangyaɗi ya ɗauke shi, ta sa almakashi ta warware.

Ashe masu fito sun yini suna ƙetarar da sojojin Janar. Da sojan ƙarshe ya taka tudu, Janar ya sa aka ƙone jiragen, aka kashe masu fiton duka, don kada su ƙetarar da abokan gaba. Marubucin ko sunan mutum ɗaya cikinsu bai faɗa ba. Layi biyu ya ba su, sannan ya cika shafi guda yana kwatanta yadda wuta take rawa a kan ruwa. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, shafin ya tsaru. Sai da ta karanta shi sau biyu.

"Auta, na ji shiru," in ji tsohon bayan ya farka. "Ko malamar allura ta gaji?"

"Baba, wa ya ɗinke shafukan kogi?"

"Ɗinki kuma? Shekara arba'in ina ɗinka wa mutane kaya, yaushe na koma kan takarda? Ai nan ne mutumina ya sallami masu fito, kowa da sabuwar riga. Karanta ki ji."

Sai ta tuna. Haka ya riƙa gaya musu suna yara. Shi ya ƙirƙiro rigunan don ya rufe wurin, ya yi ta maimaitawa har shi ma ya manta da abin da ke ƙarƙashin zaren.

Ta dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ta saurari numfashinsa da yake fita da ƙyar. Ta mayar da idonta kan shafin wutar.

"Sai Janar ya kira masu fito," ta ce a hankali, "ya ba kowa shuɗiyar riga."

"Fara dai! Ke kam tun kina ƙarama gaggawa ce da ke."

"Fara ce, Baba. Ban duba da kyau ba."

Ya yi murmushi, ya gyara kwanciya.

Kwana tara suka ƙara kafin su gama. Duk inda littafin ya yabi Janar, sai ta ji bakinta ya yi ɗaci, amma ba ta tsallake ko layi ba. A babin ƙarshe, inda Janar ya mutu shi kaɗai a cikin tanti yana kiran uwarsa, tsohon ya yi kuka kamar ɗan'uwansa aka binne. Auta ta sa hannu za ta share masa, sai ta ji ita ma fuskarta a jiƙe. Kunya ta kama ta.

"Na gaya miki," ya ce yana riƙe da hannunta. "Mutumin kirki ne."

Ta rufe littafin. Guntayen farin zaren suna nan cikin aljihun rigar aikinta.