Gyaɗar Halliru a Bakin Kwalta

Tun ranar da gwamnati ta gwangwaje Malam Wali, malamin gona na Wudil, da sabuwar mota, manoman bayan Darki suka daina ganin ko ƙeyarsa. Da can a babur yake ratsa burtali, ya tsuguna a kunya, ya murza ganye, har a dama masa fura. Yanzu kuwa kuɗin fetur sun zo, Fijo ce fara sol, ita kuwa ba ta taka rairayi. Sai ilmin noma kaf ya tare a bakin kwalta. Gonakin gefen titi suka sha shawara har ta gundure su.

A daminar nan gyaɗar Halliru, wani manomi a can bayan Darki, ta kamu. Ganye ya ƙanƙance ya yi ruwan ɗorawa, ga wasu ƙananan ƙwari sun manne a jiki. Ita ce cin gidan, ita ce suturarsu, don haka hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya aika wa Malam Wali, ya sake aikawa, amsa ɗaya ce: mota ba ta shiga.

"To tunda shi ba zai zo gona ba," in ji matarsa Safara'u cikin tsokana, "ai sai ka kai masa gonar."

Bawan Allah bai ɗauke ta wasa ba. Ya haƙo gyaɗar har da ƙasarta, ya cika mangala, ya kora jaki har titi. Nan ya ja kunya biyu, ya dasa, ya yayyafa ruwa, ya zauna jira.

Can da hantsi sai ga Fijo. Malam Wali ya sauke gilashi, aka gaisa, ya leƙo ta cikin baƙin tabarau.

"Wannan ai ba cuta ba ce, malam, laifin wuri ne. Wa ya ce maka ana gyaɗa a bakin kwalta, ga tsakuwa ga hayaƙi? Ku manoma ba kwa jin magana. Nemi jigawa can ciki, nesa da titi."

"Ranka ya daɗe, ina da ita. Daga can ma na..."

"Madalla. To riƙe ta da kyau."

Gilashi ya koma sama. Kafin Halliru ya gama haɗiye takaici, jakin ya kiwace kunya guda.

Da ya isa gida Safara'u ta tare shi a zaure, wannan karon ba dariya. "Me ya ce?"

Halliru ya sauke mangala. "Ya ce gonarmu lafiyarta ƙalau."