Haƙoran Makullin Auta

A-Kula ba sunansa na yanka ba ne, mabiyansa ne suka raɗa masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Sana'arsa yankan makulli da sa kuba a ƙofa, a wani ɗan shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki sai ɗaya ya fita. Shekara ashirin yana goga ƙarfe babu wanda ya san da zamansa, sai ranar da ya jingina wayarsa da gwangwanin mai ya ɗauki kansa yana bayanin yadda ɓarawo ke buɗe kwaɗo mai arha da tsinken gashi. Mutum dubu uku suka kalla. Daga ranar ya tashi daga mai yankan makulli ya koma masanin tsaro, kuma kowane bidiyo haka yake rufe shi, yatsa a sama, ido a zare: "A kula."

Iyalinsa ne suka fi ɗanɗana wannan ilimi. Matarsa ta taɓa saka hoton yara da kayan makaranta a shafinta, sai da aka yi zaman awa biyu a falo. Ya nuna mata bajon makarantar a ƙirjin babban, ya nuna mata lambar motar maƙwabci a gefe, ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun daga nan duk hoton da zai fita daga gidan sai an manna wa kowace fuska jan fure. Har kyanwarsu ta sha fure.

Yana da ƙanwa, Auta, mai aiki a kantin magani. Shekara huɗu ta yi da wani miji, ta fito da tabo a gira da hannun hagu da ba ya miƙewa sosai. Kotu ta raba su, amma mutumin bai yarda an rabu ba. A gidan ba a kiran sunansa, Mutumin kawai ake cewa. Sau biyu tana tashi daga gidan haya saboda ya gano inda take ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ta goge duk shafukanta, ta sake lamba, ta nemi a mayar da ita wani reshen kantin. Ɗaki na uku ne ta samu da ƙyar, ciki da falo a bene, kuma a nan ne ta fara barci ba tare da ta jingina kujera da ƙofa ba. Mutum uku suka san wurin: mahaifiyarsu, A-Kula da matarsa.

"Yaya, abu ɗaya nake roƙo," ta ce ranar da ta tare. "Kada kowa ya san inda nake."

Maganar ta ɓata masa rai ƙwarai. "Ni za ki gaya wa? Ni da mutum dubu goma sha ɗaya ke koyon wannan abu a wurina?"

Don ya nuna mata ya yafe, bayan kusan wata biyu, wata ranar Asabar ya zo da kyauta: kuba 'yar waje, mai nauyi, wadda ya daɗe yana ajiye da ita a ƙasan kanta. Ya cire tsohuwar ya yar da ita kamar ya kama ta da laifi. Sai kuma ya ja kujera, ya jingina waya.

"Me za ka yi da waya?"

"Ba ke za a ɗauka ba, ƙofa za a ɗauka."

"Yaya, don Allah kada ka saka shi."

Ya ce "To," irin to ɗin da babban wa ke faɗa don ƙarama ta yi shiru. Ta shiga kicin ɗora shayi.

Gaskiya a faɗe ta, ya yi aiki a kan bidiyon nan. Ya kashe abin da ke nuna wuri a waya. Ya manna fure a kan lambar ɗakin. Auta ta gifta a baya sau ɗaya da butar shayi, ya bi ta da fure har ta shige. Kalanda a bango, fure. Da farko ya sa masa take "Darasi na 31: Ƙofar Mace Mai Zaman Kanta," sai da matarsa ta leƙo ta tambaye shi ko ƙanwar tasa yake kira da wannan suna a gaban duniya. Ya gyara da sauri ya koma "Mace Mai Zama Ita Kaɗai," ya kuma yi kwana biyu yana yaba wa kansa da ya tare wannan ɓaraka. Matar ta tuna masa Auta ta ce kada a saka. Ya ce ai Auta ba ta ciki, fure ne a ciki.

Abin da bai sha fure ba shi ne makullin, don shi ne angon. A minti na biyu ya ɗaga shi ya kai shi dab da kyamara, ya juya shi a hankali cikin haske. "Ku dubi haƙoran nan," in ji shi. "Guda shida, kowanne da zurfinsa. Ɓarawon da zai buɗe wannan ba a haife shi ba." Ya riƙe shi daƙiƙa goma sha biyu cur, don kada wani ɗalibi ya ce bai gani ba.

Bidiyon ya yi kasuwa. A cikin masu yabo akwai wani sabo, mai hoton littafi da biro, da ya kira kansa Ɗalibi Mai Biyayya. Wannan ya san inda ake sosa wa A-Kula.

"Malam, ban taɓa ganin gwani irinka ba. Amma kamar na ji ƙarar injin katako a bayan muryarka. Ƙurar katako tana toshe ramin kuba, ko na yi kuskure?"

A-Kula ya ajiye magagari ya goge hannu. Ga mai kunne, ga mai hankali. "Ba ka yi kuskure ba. Bayan layin masu katako ne, dogon gidan nan mai tankin ruwa biyu. Shi ya sa na zaɓi mai murfi. A kula."

Washegari: "Malam, an ce hawan ƙasa ya fi haɗari, ko na yi kuskure?"

"Haka ne. Wannan hawa na biyu ne, ƙofar ƙarshe, amma duk da haka ban yi sakaci ba."

Ranar Talata: "Malam, ni ma ina da ƙanwa, tana fita aiki ta bar ɗaki. Mai fita da safe ya fi shiga haɗari, ko na yi kuskure?"

"Tawa ma bakwai take fita sai biyar. Da irin wannan kuba ko wata za ta yi ba ta nan, babu komai."

Ya karanta wa matarsa sharhin farko kawai, wurin da aka ce gwani. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar Juma'a da hantsi yana cikin yanka wa wata mata makullin akwati, sai ga abokin sana'arsa na tsallaken titi ya tsaya a bakin shagon. Rabon da su gaisa tun bara, lokacin da na tsallaken ya rubuta a ƙasan wani bidiyonsa cewa kwaɗon da ake yabo jabu ne.

"Shekaranjiya wani ya kawo min hoton makulli, an buga shi a takarda ƙato, ya ce in yanka masa," in ji na tsallaken. "Haƙora shida. Na ƙi. Amma ka san masu yankan makulli a garin nan ba ni kaɗai ba ne."

"To ina ruwana?"

"Hannunka ne riƙe da shi. Har zobenka ya fito tar."

Injin yana ta juyawa babu komai a bakinsa. A-Kula ya san ana yanka makulli daga hoto. Shi da kansa ya koyar da haka, a Darasi na 9, har ya yi wa masu ɗaukar hoton makullin sabon gida dariya.

"Shekaranjiya? Sai yau za ka gaya min?"

"Na kira, ka toshe lambata. Na rubuta, ka toshe ni a shafi. Jiya na tsallako da ƙafata kana ɗaukar bidiyo, ka ɗaga min hannu ka ce kada in shiga hoto."

Bai ko rufe shagon da kyau ba. Yana hawa benen Auta ya tarar da ƙofar a buɗe, kwalaye a barandar. Matarsa na durƙushe tana naɗe kofuna da jarida, ba ta ɗago ba. Auta na tsaye a tsakiyar falo da jakar hannu a kafaɗa, lafiyarta ƙalau.

"Jiya da yamma na dawo na tarar da ƙofa a kulle yadda na bar ta," ta ce. "Ba a ɗauki ko allura ba. Amma dubi can."

Takalmanta ne a jere a gindin bango, kowane ƙafa biyu a haɗe, hancinsu na kallon bango, daga mai tsini zuwa silifa. Auta tun tana yarinya inda ta cire takalmi nan yake kwana. Mutum ɗaya ne a duniya ya taɓa tilasta mata jera su haka.

"Ya sha shayi ma," in ji matarsa. "Ya wanke kofin ya kife."

A-Kula bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, sai suka tafi inda suka saba. Ya durƙusa gaban ƙofar, ya ɗaga murfin, ya leƙa ramin. Babu ƙwarzane ko ɗaya.

"Ba a fasa ta ba," ya ce. Kuma kaito, akwai ɗan guntun alfahari a muryar, har shi ma ya ji shi.

"Ina za a fasa, Yaya? Ai ka ba shi makulli."

"Na rufe fuskarki. Na rufe lamba. Ko kalanda..."

"Anti ta nuna min, na ga furanni." Ta karɓi wayar matarsa ta karanta masa amsoshinsa ɗaya bayan ɗaya, layin masu katako, tanki biyu, hawa na biyu, ƙofar ƙarshe, bakwai zuwa biyar. A bakinta sai suka fito kamar kwatancen da ake yi wa direba. "Wannan ɗalibin naka kuwa, ka lura da yadda yake ƙare magana? Ko na yi kuskure. Shekara huɗu ina jin wannan tambayar. In na ce e, mari. In na ce a'a, mari."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Sai sana'a ta sake yin magana a madadinsa. "Akwai wata mai haƙora bakwai. Yau ɗin nan zan sa miki. Ba zan ɗauki komai ba, na rantse."

"A gidan abokiyar aikina na kwana, da safe na kai wa 'yan sanda duk abin da kuka rubuta, kai da shi. Ɗakin nan kuma na gama da shi." Ta dubi tagar da ta ɗinka wa labule da hannunta wata biyu da suka wuce. "Ina son ɗakin nan, Yaya. A nan na fara barci."

Motar kaya ta yi hon a ƙasa. Ya taya su sauke kwalaye, yana ɗaukar mafi nauyi, babu wanda ya ce masa sannu. Da aka ɗaure katifa ya matso kusa da ita ya rage murya.

"To ina za ki? In zo in duba ƙofar."

"Inna ta sani. Anti ta sani."

"Ni fa?"

Ta buɗe jaka ta ciro makullin ta sa masa a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai. "Ka riƙe wannan. Kai da Mutumin ne masu ɗakin yanzu."

Ya juya wajen matarsa. Shekara goma sha shida ba ta taɓa ɓoye masa ko farashin gishiri ba. Ta gyara mayafinta ta shiga gaba kusa da Auta, ta ce abinci na cikin firji, kada ya jira ta kafin yamma. Motar ta bi ta layin masu katako ta karya kwana, bai ga ko hagu ta yi ko dama ba saboda wata tirela.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ɗalibi Mai Biyayya ne: "Malam, kwana biyu shiru. Akwai sabon darasi, ko na yi kuskure?"

Ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya hau benen a hankali, ya tarar da ɗakin wayam, sai ƙusoshi a bango da sawun kujera a ƙasa. Ya ja ƙofar ya murɗa makullin sau biyu, ya girgiza hannun ƙofar kamar yadda yake koya wa mutane. Ko motsi ba ta yi ba. Kuba ce mai kyau.