Rabin Kwanan Arzika

Arzika bai taɓa shiga aji ba, amma a wurin lissafin wata ba ya neman taimakon kowa. Ya kama aiki a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Gusau kwana uku bayan Babbar Sallar bara. Ga shi an yi ta bana, har ƙaurin nama ya ƙare a gidaje. Sallah zuwa Sallah shekara ce, kuma an gaya masa mai shekara yana da hutun kwana shida. Ya ci biyar da kaka, da ya je ƙauyensu 'Yankuzo ya taya Baba girbin gero. Guda ɗayan kuwa ya adana shi kamar yadda tsohuwa ke ƙulle kwabo a bakin zane, domin tun lokacin matarsa Luba tana da ciki.

Luba ta sauka can ƙauye ranar Alhamis, namiji, ɗan fari. Suna Alhamis mai zuwa ke nan. Ranar Talata Arzika ya wanke hannunsa da toka, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa, ya tafi ofishin akawu da goro biyu a aljihu.

Malam Mas'udu akawu ba mugu ba ne, abin da ya ƙara wa lamarin ciwo ke nan, don da mugu ne da an sami wanda za a zaga. Ya yi barka, ya karɓi goron, ya jawo fayil, ya lashi yatsa. Sai ya ɗago kai.

"Arzika, shekararka ba ta cika ba."

"Malam, Sallah fa ta zagayo."

"Ta zagayo, amma kamhwani ba da watan sama shika lissahi ba. Ka kama aiki ashirin da ɗaya ga Afrilu, yau sha huɗu. Saura mako guda."

Ya juyo da takardar, ko da yake ya san Arzika ba zai karanta ba, ya bi da biro. Kowane cikakken wata, rabin kwana. Wata goma sha ɗaya, kwana biyar da rabi. Watan da bai cika ba, ba a ƙidaya shi. An ci biyar.

Arzika ya lanƙwasa yatsunsa, sai fuskarsa ta washe.

"To, saura rabi ke nan. Malam, rabin ya ishe ni. In mun tashi ran Laraba in hau mota. Da asuba a raɗa suna, a yanka rago, kahin azahar ina nan bakin inji."

"Ba a ba da rabi."

"To a cika mini shi ɗaya."

"Wasu wurare suna cikawa. Nan zubarwa aka yi." Ya nuna wani layi a ƙasan takardar. "Ga shi an rubuta."

"Ina aka zuba shi?"

Malam Mas'udu bai yi dariya ba, don ya ga ba da wasa aka tambaya ba. Ya ce in Allah ya kai su Talata mai zuwa, rabin zai zama cikakken kwana, ya zo ya karɓa. Kamar suna kasuwa ce da za a ce a dawo mako.

Da Arzika ya nace, akawun ya shiga wurin manaja, ya fito kafin kujerarsa ta huce. Manaja ya ce in aka buɗe wa mutum ɗaya, gobe mutum ɗari ne. Ya kuma ce wanda bai zo ranar Alhamis ba, kada ya wahalar da kansa ranar Juma'a. Arzika bai buƙaci ƙarin bayani ba. Kowace safiya yana ratsa masu neman aiki a bakin ƙofa, wasu tun daga Bungudu suke zuwa, kuma ragon sunan ma daga wannan aikin ya fito.

Ranar Laraba ya je tasha ya ba direban ƙauyensu turmin atamfa da ƙwaryar goro, ya ce a gaya wa Baba ya tsaya a madadinsa. Ya tsaya yana kallo har motar ta cika ta tashi. Kunya ta fi damunsa a kan baƙin ciki, don ya san abin da dangin Luba za su ce.

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai yana bakin inji. Ƙarfe takwas aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Aka ce kowa ya jira, kada a fita. Suka zauna a kan buhuna, wasu na gyangyaɗi, wasu na ɓare gyaɗar kamfani suna ci. Azahar ta yi, suka yi salla suka koma kan buhunan. Har la'asar Arzika bai ɗaga ko buhu ɗaya ba.

Ɗahiru, abokin aikinsa, ya matso ya miƙa masa hannu.

"Angon ƙarni, Allah shi raya. Mi sunan yaron?"

Baba ne ke zaɓar sunan jika a gidansu, kuma ba ya faɗa sai an taru. Arzika ya riƙe hannun Ɗahiru ya daɗe bai saki ba.

"Ban sani ba tukuna," ya ce.