Ramar Alhaji Bappayo

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kuɗi suka wadata, tumbi shi ne shaidar arziki a Gombe, kuma na Alhaji Bappayo ɗan kwangila kan riga shi shiga ofis. Sai likita ya auna shi, ya ce zuciyarsa ta gaji da dako: ko ya sauke kayan, ko ta sauke shi. Ya ba shi ƙwayar rage ƙiba, ya hana shi maiƙo.

Matarsa Safiyyatu ta tsaya kan maganin. Kafin damina ta fita wuyan Alhaji ya bayyana, yana sujada ba nishi.

Gari kuwa ya yanke hukunci: Alhaji ba lafiya. Aka fara zuwa dubiya, kuma ba a dubiya hannu rabbana. Wannan farfesun kaza, wancan ƙwaryar kindirmo. Yayarsa Adda Asta ta taso daga Kwadon da kwalbar man shanu, ta kafa zama.

"Adda, likita ne ya ce ya rage," in ji Safiyyatu.

"Likitan nan yana da tumbi?"

"Siriri ne."

"To, hassada ce. Bappayo, buɗe baki."

Wa zai mayar da kwanon dubiya? Alhaji ya ci na Adda don biyayya, na maƙwabta don kara, na abokai don kada a ce ya yi wariya. Nishi ya dawo. Jama'a suka ce Alhamdulillahi, sauƙi ya fara samuwa.

Safiyyatu ta ga so zai binne mata miji. Ta aika aka sayo auduga, ta ɗinka 'yar matashiya mai igiya.

"Wannan fa?" Alhaji ya tambaya.

"Lafiyarka ce, Alhaji. Ɗaga hannu."

Ta ɗaura masa ƙarƙashin 'yar ciki. Duk mako tana ƙara auduga, shi yana raguwa daga ciki. Kwanuka suka fara janyewa, don ba a yi wa mai tumbi dubiya.

Ranar da Adda za ta koma gida, ta tsaya a zaure ta ƙare wa ƙanenta kallo, ta kai hannu ta daddanna cikin. Sai ta juyo wajen Safiyyatu.

"Kin ji laushi?" in ji Adda. "Aikin man shanu ke nan. Ki gaya wa likitanku."